Rigar da Ba Ta Ga Kogi Ba

Gidan su Peiyin yana bakin kogi a ƙauyen Gaomei, gidan katako mai hawa uku irin na kowa. Mutum huɗu ne a cikinsa. Akwai tsohuwar gidan, Sa Tong, wato kakar Tong, wadda ake kira da sunan jikanta na fari kamar yadda aka saba. Akwai babban ɗanta Guofu, mahaifin Tong ɗin, da matarsa Lanzhi. Sai Peiyin, 'yar ƙaramin ɗanta, mai shekara goma sha ɗaya, wadda iyayenta suka bari a hannun kaka suka tafi aikin masana'anta can bakin teku. Tong kansa yana birni, ba a ganinsa sai da biki.

Ba su rasa shinkafa ba, ba su rasa kifi mai tsami a tulu ba. Tun da aka shimfiɗa titi baƙi suka fara zuwa kallon hasumiyar gari, Guofu ya mai da ƙasan gidan shago yana sayar da rinannen ƙyalle, har ya yi babur. Abu biyu gidan ya rasa. Na farko, hannu na biyu da ya iya rini, domin Lanzhi tashin birni ce, warin randa ma kan sa mata ciwon kai. Na biyu, wanda zai iya duban Guofu ya ce masa a'a.

Saboda haka duk ƙyallen da ke rataye a shagon daga hannun Sa Tong ya fito. Ita ke yanko ganyen baba a kan tudu, ta jiƙa shi kwana uku har ruwan ya yi kore ya fara wari, ta tsame ganyen, ta zuba farar ƙasa, ta yi ta bugun ruwan har shuni ya kwanta a gindi. Ita ke haɗa randa da ruwan tokar karan shinkafa, ta ba ta giyar shinkafa kofi guda kowace safiya, ta ɗanɗana da harshe ta san ko tana jin yunwa. Idan ta tsoma ƙyalle ta tsamo, sai ta bar shi ya sha iska, sannan ta kai shi kogi ta ɗauraye, ta shanya, gobe ta sake. Peiyin ce ke ɗaukar mata kwano zuwa kogin kafin ta wuce makaranta.

"Randa ke ba da launi," in ji tsohuwar, "amma kogi ke zaɓar wanda zai zauna. Abin da bai kama ba, ki bar ruwa ya tafi da shi tun yana hannunki."

A ɗakin Sa Tong akwai akwatin katako, a cikinsa kuma kayan tafiyarta: riga uku, zane biyu, da mayafi, waɗanda za a sa mata ranar da za a binne ta. Shekara uku ta yi a kansu. Ta shuka audugar, ta kaɗa zaren, ta saƙa, ta rina sau da yawa har ta daina ƙirgawa, ta jiƙa su a romon fatar sa da ruwan jar doyar daji, ta turara, ta buga da gudumar itace, ta shafa farin ƙwai, ta sake bugawa, har suka yi baƙi mai ɗaukar ido da jan ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara goma sha tara. Ta sha gaya wa Peiyin cewa idan ta isa can, uwarta ba za ta gane wannan fuskar mai tamoji ba. Saƙar za ta shafa, ta ji hannun gidansu, ta ce ta shigo.

Ranar shida ga wata na shida kowace mace takan fito da kayan akwatinta ta shanya don su sha rana. Sa Tong ta shanya nata a baranda. Wata mata daga birni, mai kantin jakunkuna, ta shigo shago ta ɗaga kai ta gan su. Ta hau benen ba tare da an ce ta hau ba, ta kai hannu.

"Ba a taɓawa, 'yar nan," in ji Sa Tong.

"Nawa za ki sayar, Kaka?"

"Mai su ba ta tafi ba tukuna."

Guofu ya yi dariya, ya ja matar gefe ya ba ta shayi. Sun daɗe suna magana a ƙofar shago.

Bayan kamar kwana ashirin, da suka dawo daga kogi, Sa Tong ta buɗe akwatin don ta sa ganyen da ke korar asu. Peiyin tana tsaye a bayanta. Babu komai a ciki sai tsohuwar jarida da aka shimfiɗa a gindi. Tsohuwar ta shafa gindin akwatin da tafin hannu, kusurwa zuwa kusurwa, sannan ta rufe shi a hankali ta fito inda ake karya kumallo.

"Guofu, ina kayana?"

Bai ɗago daga kwanonsa ba. "Zauna ki ci abinci, Inna."

"Ina kayana?"

"Haba Inna. Wa ya ce miki mutuwa za ki yi? Ga ki nan garau, kin fi ni hawan tudu. Kaya suna kwance a akwati asu na ci, ga Tong can iyayen yarinyar da yake nema sun ce ba ɗaki a birni ba aure. Ba jikanki ba ne? Da sunansa fa ake kiranki."

"Ai gata aka yi miki," in ji Lanzhi, tana zuba shayi. "Ajiye kayan mutuwa a gida ma kiran mutuwa ne. Matar nan mai jakunkuna da ta saya ta ce har ƙasar waje za a san aikinki."

"Kuma ke da kika yi waɗancan," Guofu ya ƙara, "me zai hana ki yi wasu? Randa tana nan, hannu yana nan."

Sa Tong ta dubi hannayen nata. Shuɗi ne har gwiwa, faratan baƙi ƙirin, fatar duk ta tsage saboda farar ƙasa. Shekararta saba'in da shida. Ta sauka ta ba randa giyarta, domin lokacin ya yi.

Ta so ta sake farawa. Ta je gonar audugarta ta bayan gari ta tarar an zuba tsakuwa, motocin baƙi suna tsaye a kai. Guofu ya ce ai auduga wahala ce, a kasuwa ma ana samun zare. Ta nemi masaƙarta, ta tarar an sauko da ita shago an jingina mata allo mai rubutu, baƙi suna zama a kai ana ɗaukar su hoto. Guntun saƙarta ta ƙarshe, wanda bai fi kamu biyu ba, yana nan a jikin masaƙar yana shan ƙura.

Da lokacin kaka ya yi, baƙi suka ƙaru. Guofu ya ce ɗakinta ne ke kallon kogi, baƙi kuwa kogi suke so, sai aka mai da ita ƙaramin ɗakin baya kusa da garken aladu, ita da Peiyin.

"Don ƙafarki ne, Inna," in ji Guofu. "Hawan bene ya yi miki yawa."

Ɗakin yana da danshi. Kafin wata ya ƙare ta fara tari. Duk da haka da safe sai a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar shago, a sa mata dutsen bugu a gaba, ta yi ta ɗaga guduma tana saukewa don masu wucewa su tsaya. Idan ta ajiye don ta huta, Lanzhi takan leƙo ta ce, "Inna, ga mota ta tsaya." Wasu baƙin sukan ce ta buɗe tafin hannunta su ɗauka, su yi ta mamakin shuɗin. Babu wanda ya tambayi tsagar da ke fitar da jini a gindin babban yatsa.

Wata rana Lanzhi ta dawo daga kasuwa da ƙunshi a leda ta ajiye mata a cinya.

"Ga shi, don ki daina kallon mutane kamar an kashe miki wani. Riga da zane, ɗinkakku. Launin ma ɗaya ne."

Sa Tong ta kai ƙyallen hanci, ta ninke shi da kyau, ta mayar mata.

"Na gode, uwar Tong. Ki ajiye wa kanki."

"Kin gani ko?" Lanzhi ta ce wa mijinta da rana, ba ta ko rage murya ba. "Tsufa ya fara taɓa ta. Jiya ma sau biyu ta tambaye ni ina akwati."

"Rikicin tsufa ne," in ji Guofu. "A bi ta a hankali."

Daga nan kalmar ta zauna a gidan. Idan ta yi shiru, rikicin tsufa. Idan ta yi magana, rikicin tsufa. Har Peiyin ta fara satar kallon kakarta tana neman alamar abin a fuskarta.

Maƙwabciyarsu Sa Lian, ƙawarta tun suna 'yan mata, takan zo da rana ta zauna gefen tabarmar. Bakinta ba ya da linzami.

"Ke dai kin haifi kura kin sa mata wando. Ki bari in je in faɗa wa dattawa."

"Ki ce musu me? Uwa ta kai ƙarar ɗanta a kan tsumma? Cewa zai yi na rikice, su kuwa su ga tsohuwa tana tari su yarda."

"To sai ki tafi tsirara?"

"Miƙo min ƙwan nan," in ji Sa Tong.

Bayan girbi aka sanar cewa mutanen Pinglao za su zo ziyara da bikin shekara, gari guda, maza da mata, kamar yadda Gaomei ta je musu bara. Wanda zai tsaya a ƙofar gari ya tare su da waƙa da ƙahon giya, shi ne fuskar gari a ranar. Guofu ya daɗe yana neman wannan tsayuwa, ya sayi alade ya ba da, ya gyara rufin hasumiya, bana kuwa aka ba shi. Amma mai tsayuwar ƙofa ba ya sa rigar kanti. Sai rigar da uwarsa ko matarsa ta rina.

Ya sayo farin turmi saƙar hannu daga wani ƙauye, ya zo ya tsuguna a gaban tabarmar, abin da bai yi ba tun yana saurayi.

"Inna, aiki na kawo miki. Ina so ta fi ta kowa ƙyalli. In na tsaya, mutanen Pinglao su san daga gidan wa na fito."

Sa Tong ta shafa turmin, ta daɗe tana shafawa.

"Za su sani," ta ce. "Amma zan yanke guntun nan na jikin masaƙa in yi ɗankwali. Kaina yana jin sanyi."

"Masaƙar za ta yi tsirara, baƙi kuwa… To, ɗauki. Kin san ni ba ni da rowa."

Peiyin ba ta taɓa ganin kakarta ta haɗa randa mai ƙarfi irin wannan ba. Ta zuba shuni ninki biyu, har kumfar saman ta yi kauri kamar kirim ɗin madara. Kowace safiya takan tsoma turmin Guofu da guntun ɗankwalin tare, ta tsamo su tare, ta shanya su a gora ɗaya. Amma idan aka zo tafiya kogi, ɗankwalin kaɗai take sawa a kwano.

"Kaka, kin bar na Baffa."

"Na bari? Af. Tsufa."

Washegari haka. Jibi ma haka.

"Kaka, bari in kai shi ni kaɗai, zan iya."

"Ya yi miki nauyi. Ai na ɗauraye shi jiya."

Peiyin ta san ba a ɗauraye shi jiya ba, domin ita ke ɗaukar kwanon. Ta ga an dafa romon fatar sa, ɗankwali ya sha, turmin bai sha ba. Ta ga an ɗora tukunyar turare, ɗankwali ya shiga, turmin yana rataye. Sai da aka zo bugu ne Sa Tong ta ba turmin duk ƙarfinta. Ta shafa masa farin ƙwai har sau biyar, ta buga shi kwana tara tana tari tana bugu, har ya zama kamar madubi. Shunin da bai kama zare ba duk ya kwanta a ƙarƙashin ƙyallin, ba mai gani.

Yarinyar ta kwana biyu tana juya abin a ranta. Idan kakarta ta rikice da gaske, to ya kamata wani ya sani. Ranar da aka ɗinka rigar ta sami baffanta a shago yana gwadawa a gaban madubi, Lanzhi tana gyara masa wuya.

"Baffa."

"Mene ne? Duba nan, uwar Tong. Tsohuwar nan ko ta rikice hannunta bai rikice ba. Shi ya sa nake cewa a samu ta cika mana shago kafin sanyi ya yi tsanani. Irin wannan tarin ba ya kai mutum bazara."

"Sai ka sa ta yi manya-manya," in ji Lanzhi. "Su aka fi nema."

Guofu ya juyo. "Kin ce me, Peiyin?"

Daga ƙofa ana jin gudumar tana sauka, tana tsayawa, tari, ta sake sauka.

"Rigar ta yi kyau," in ji Peiyin.

Ranar biki gari ya waye da yayyafi, irin na watan, siriri mai naci. Tun hantsi aka gicciye gora a ƙofar gari, 'yan mata suka jeru da azurfarsu, masu busa suka tsaya a baya. Guofu yana tsakiya, farar riga a ciki, sabon farin ƙyalle a kugu, baƙar rigar tana walƙiya a kai. Mutane suna ta nuna shi. Sa Tong tana zaune a benci ƙarƙashin rumfa tare da sauran tsofaffin mata, sabon ɗankwali a kanta, Peiyin a gefenta.

Mutanen Pinglao suka iso. Aka fara waƙar tare hanya, su jefo a mayar, a jefa su mayar. Guofu yana da murya, kuma ya ba ta duka. Yana waƙa yana rawa, gumi daga ciki, yayyafi daga waje. A waƙa ta uku Peiyin ta ga wani baƙin layi ya gangaro daga wuyan rigar ya shiga farar ta ciki. A ta huɗu hannayen rigar suka fara ɗiga. Ya share goshi da hannu, goshin ya yi shuɗi, bai sani ba. Ya ɗaga ƙahon giya ya miƙa wa dattijon Pinglao ya sha ya mayar masa, sannan ya rungume shi kamar yadda ake yi. Da suka rabu, farin gemun dattijon ya koma shuɗi gefe guda.

Wata mai waƙa daga Pinglao ba ta bari ta wuce ba. Ta ɗaga murya a kan karin da ake kai, ta ce sun ji labarin Gaomei na rina ƙyalle, ba su san har baƙi take rinawa ba. Dariya ta ɓarke daga wancan gefe, ta tsallako wannan. Yara suka fara tsalle suna nuna kududdufin da ke ƙafar Guofu. Sai a lokacin ya dubi hannayensa.

A benci kuwa babu wadda ta yi dariya. Matan nan kowace ta yi shekara hamsin a bakin randa.

"Wannan riga ba ta ga kogi ba," in ji ɗaya, a hankali.

"Ba ta ga romo ba."

"Ba ta ga tururi ba."

Suka juyo gaba ɗaya suka dubi Sa Tong. Ita kuwa tana kallon yayyafi.

Guofu ya ƙaraso rumfar, shuni yana bin haɓarsa, yana ƙoƙarin murmushi saboda baƙi sun biyo shi.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Mahaifiyata ce, tsufa ya kama ta. Tun lokacin kaka take rikicewa, mun yi ta rufawa. Laifina ne da na ba ta aikin."

Sa Lian ta miƙe. Ta kwance ɗankwalin daga kan ƙawarta, ta je kwamin dutse da ake tara ruwa a gindin hasumiya, ta tsoma shi, ta cuɗa, ta murza da dukan ƙarfinta, sannan ta ɗaga shi sama ta matse a gaban kowa. Ruwan ya zubo fari tas.

"Randa ɗaya, baban Tong," ta ce. "Lokaci ɗaya, hannu ɗaya. A gora ɗaya na ga an shanya su. Wannan wane irin rikici ne da ya san naka ya san nata?"

Masu busa suka sauke sarewarsu ta gora. Gong Bao, babban dattijon gari, ya dogara sandarsa ya matso.

"Kakar Tong, uwa ba ta yi wa ɗanta haka a banza. Me ya faru a gidanki?"

Sa Tong ta jira tari ya sake ta.

"Ya ce yana so a san daga gidan wa ya fito," ta ce. "Ku tambaye shi ina kayan tafiyata."

Wata tsohuwa daga Pinglao ta dafe baki. Guofu ya fara magana a kan Tong, da ɗaki a birni, da asu, da cewa ai ya sayo mata wasu. Kowace kalma ya faɗa sai ta fi ta baya muni. Gong Bao ya karɓi ƙahon giyar daga hannunsa ya miƙa wa wani.

"Tafi gida ka wanke," ya ce. "Gobe ka kama hanyar birni. Kada ka sake zama a inuwar hasumiyar nan sai kayan sun dawo akwatinsu."

Shunin da bai kama zare ba yana kama fata. Guofu ya goge da sabulu, ya goge da toka, ya goge da dutse, amma haka ya hau mota da shuɗin wuya da shuɗin kunne. Kwana biyar ya yi. Ya dawo da jakar hannu guda biyu masu zik ɗin ƙarfe, waɗanda aka ɗinka da kayan uwarsa. Sauran an riga an yayyanka, an ɗinka, an sayar, ba wanda ya san inda suke. Ya ajiye jakunkunan a gaban uwarsa. Ta ɗauki ɗaya, ta bi saƙar da yatsa har inda almakashi ya tsaya, ta ajiye.

"Inna, ki ce wani abu mana."

"Launin wuyanka ya fara tafiya," ta ce. "Nawa ya daɗe fiye da haka."

Aka mai da ita ɗakinta na sama, aka daina shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, Lanzhi har romon kaza take kai mata, tana ɗaga murya don maƙwabta su ji. Amma tarin ya riga ya sauka ƙirji. Sa Tong ta sa Peiyin ta ɗebi ruwan gindin randa a ƙaramin tulu ta kai gidan Sa Lian, ta koya mata yadda za ta ba shi giya da yadda za ta ɗanɗana. Babbar randar kuwa ta hana kowa taɓawa. Kumfar ta faɗa, ruwan ya yi baƙi, ranar bakwai ta fara ɗoyi. Guofu ya zuba mata giya kwalba guda, bai tashe ta ba. Babu macen da ta yarda ta sayar masa da ko kamu ɗaya a duk Gaomei, har Pinglao labari ya riga shi. Gorar da ake rataye ƙyalle a shagon ta koma fayau.

Ta rasu kafin a fara shukar iri. Da safe matan unguwa suka zo, kowace da ƙunshi a hammata. Wata ta ciro riga daga nata kayan tafiyar, wata zane, wata mayafi, alhali kowace ta san shekarun da za ta sake yi kafin ta cike gurbin. Sa Lian ta farke jakunkunan nan biyu, ta jefar da zik ɗin, ta ɗinka guntayen a wuyan riga da bakin hannu, inda mai shafawa zai fara taɓawa. Lanzhi ta kawo ledar nan ta kasuwa. Sa Lian ta karɓa ta ajiye a waje kusa da takalma. Guofu yana tsaye a tsakar gida cikin fararen kayan makoki yana kuka da ƙarfi, masu shiga da fita suna ratse shi kamar turke.

Har yau akwai ƙauyuka da yawa a bakin wannan kogi inda ake zaunar da tsohuwa a ƙofar shago da guduma a hannu. Masu wucewa sukan yaba shuɗin hannunta. 'Ya'yanta sukan ce ita ke so, zaman banza ke sa mata ciwo. Ba kowace ce ke da ƙawa irin Sa Lian ba, kuma ba kowace ranar biki ake yayyafi ba.

Da aka gama shirya ta, aka kira Peiyin ta ɗaura mata ɗankwalin, domin ita ce ta ɗauke shi zuwa kogi kwana arba'in. Ta ɗaura shi yadda kakarta ke so, ƙulli a hagu, ta gyara bakinsa ya sauko goshi don kada a sha wahalar samunsa. Da ta gama ta dubi yatsunta, babu ko ɗigon shuɗi a kansu.

A nan Peiyin ta gane cewa kakarta ba ta taɓa manta komai ba, ko rana ɗaya, kuma ita ma ba za ta manta ba.